Ƙasar da Kaka Ya Bari Tana Tsima

Kaka ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, daidai lokacin da kowa a Madarumfa ya fara ɗaga kai yana duban gabas. Shi ne mahaifin mahaifiyata. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu, wannan na faɗe shi da bakina ba adadi a kwanakin nan. Amma ba zan ɓoye ba, ban zauna makokinsa yadda ya kamata jika ta zauna ba. Jikina yana kan tabarma cikin mata, hankalina yana kan rufin wani soro a hanyar tabki.

Masu gaisuwa ba su yanke ba. Tsofaffin masunta, abokan sana'arsa tun samartaka, suka zauna a ƙofar gida suna share ido, can kuma sai mu jiyo ɗaya ya tuntsire da dariya, sauran suna tsawata masa. Wai sun tuna yadda ake gudun shiga jirgi ɗaya da shi, don sai ya yi ta kwaikwayon mutanen gari har dariya ta kori kifi. Wata tsohuwa ta taho tun daga Gabi a kan amalanke, ta ce ita ba ta san shi da wasa ba, ta san shi da tabarma da bargon da ya ba ta shekarar ambaliya. Liman, wanda suka fi shekara talatin suna gardama, an ce da ya sallame sallar gawa ya daɗe a tsaye bai juyo ba. Akwai kuma masu shigowa su ce, "Allah shi yahe mai wasanninai," da irin muryar da ke nuna su dai ba su yafe ba. Waɗannan na amsa musu da amin kaina a sunkuye, don na san halina, in na ɗago sai na mayar musu.

Da maigidana ya dawo daga maƙabarta ya ba ni labarin da ya tsaya mini a rai. An jera itace a kan kabari, aka nemi kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta rufewa, sai wani ya ce ai ga ta tsohon can a bakin Soro ta tsimu, ba sai an kwaɓa wata ba. Aka aika aka ɗebo kwando uku. Maigidana yana ganin abin ya yi kyau, mutum ya kwanta ƙarƙashin aikin hannunsa. Ni kuwa abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Saura nawa?" Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Wanda ba ɗan garin nan ba ne ba zai gane ba sai na faɗi abin da ake kira Soro. Dogon ɗaki ne na ƙasa, mai ginshiƙi huɗu da rufin azara, a ƙarshen gari in za ka gangara tabki. Yara sun san shi da Soron Wasa. A nan samari ke wasan kwaikwayo, wato teyatur, a nan mata ke kiɗan ƙwarya, a nan ƴan makarantar boko, ƴan lakwal, ke koyon tsayawa gaban jama'a su yi magana. Ni ma a nan na koya, kuma da shi nake cin abinci yau, tunda koyarwa nake yi a garin Safo. Amma tsofaffi har gobe majami'a suke ce masa, don abin da aka gina shi dominsa ke nan tun ba a haifi Inna ba. Kiristocin garin ba su taɓa yawa ba, gida biyar ko shida ne, da malaminsu, Bahaushe ɗan ƙasar nan wanda ke wanke miki yana ba da magani a gefen ɗakin.

Wata shekara ƙayar kifin ƙurungu ta soki Kaka a tafin hannun dama. Ya raina abin, kamar yadda yake raina duk abin da ya shafi jikinsa, har hannun ya kumbura ya fara wari, ana ta maganar yankewa. Malamin majami'ar nan ya yi kwana arba'in yana wanke masa shi safe da yamma. Hannu ya warke, sai dai yatsu biyu da suka lanƙwashe. Daga nan suka zama abokan dara. Na taɓa tambayar Kaka ko ba su taɓa musu a kan addini ba, ya ce, "Shi bai ce in zo ba, ni ban ce shi zo ba. Mun dai san wanda ka satar ɗan dara in an juya kai, kuma ba ni ba ne." Inna ta ce shi ne.

Da gidajen nan suka bi ƴaƴansu Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, malamin ma ya tsufa ya haɗa kayansa. Ranar tafiya ya kawo wa Kaka makulli. Kaka ya sha maimaita mana maganarsa, da muryar mutumin da irin tarinsa: "Ban ce ka yi addu'ata ciki ba. Abu biyu na roƙe ka. Kas ka bari shi hwaɗi, kas ka bari a yi abin kunya cikinai." Ba takarda, ba shaida. Alkawari kaya ne, Kaka ya ɗauka, kuma bai sauke ba sai ranar Talatar nan.

Ginin ƙasa ba ya son komai sai yaɓe. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an ɗebo ƙasa an kwaɓa ta da ramno, wato busasshiyar ciyawa, a tara ta a bar ta kwana da kwanaki tana tsima ana yayyafa mata ruwa, sa'an nan a hau a bi rufin gaba ɗaya, a gyara bakin indararo, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa. In aka tsallake shekara guda, ruwa ya samu tsaga, azara ta jiƙa, to sai dai labari. Kaka masunci ne, bai gaji gini ba, amma ya koya don wannan ɗaki. Shekara shida yana yaɓe shi babu kowa a ciki, mutane suna ce masa maginin jemagu. Sai zamanin da samarin garuruwa suka shiga gasar teyatur, namu suna koyo a fili iska tana kwashe musu magana. Kaka ya tsaya yana kallonsu kwana biyu, ya ga ba su iya ba, abin ya dame shi, ya buɗe musu ƙofa don ya gyara musu. Daga gyara ya zama shi ne uban wasan.

Ya daɗe yana auna ko wasa na cikin abin kunyar da aka hana shi. Da ya gama aunawa sai ya kafa dokoki, kuma bai taɓa sassauta ko ɗaya ba. Ba a zagin uwar kowa ko da wasa. Ba a kai magariba a ciki. In aka kira salla, komai daɗin wurin da aka kai, sai ya buga sandarsa a ƙasa a tsaya. Ina nan ranar da wani saurayi ya mutu a wasa, matarsa ta wasan tana kuka, rabin matan da ke kallo suna taya ta, sai ladan ya kira la'asar. Kaka ya je ya zunguri gawar da sanda ya ce, "Tashi. Mutuwag ga taka ba ta ɗauke ma la'asar ba." Gawa ta tashi ta ɗauki buta. Bayan salla ta dawo ta kwanta, mata suka ci gaba da kukansu daga inda suka tsaya.

A bangon gaba akwai gicciye da maginan farko suka fitar da ƙasa. Wannan ne tushen gardamarsa da Liman. Liman ya ce a kankare, tunda ƴaƴan Musulmi ke zama suna fuskantarsa. Kaka ya ce ajiya aka ba shi, ba shi ya sa ba, ba shi zai cire ba. Liman ya ce to a rufe ɗakin. Kaka ya tafi gida ya ɗauko tsohon tarunsa ya ninka shi huɗu ya rataye a wurin, ya rufe giccen ruf. Liman ya zo ya duba ya ce wannan dabara ce. Kaka ya ce, "Allah shi gafarta malam, ai kai ka koya min, da ka ce abin da ido bai gani ba a bar wa Allah." Liman ya rantse bai taɓa faɗin haka ba. Shekara talatin suna wannan magana, duk shekara kuma ranar yaɓe sai ga ƙosai daga gidan Liman.

Shekarar da tabki ya cika ya shigo gari, Kaka ya kwashe bencuna ya zuba gidaje goma sha a Soro. Wata biyu ba a yi wasa ba, sai girki da shanya da kukan jarirai. Cikin waɗanda suka kwana a wurin har da masu cewa ko inuwar ɗakin ba za su tsaya ba. Ni da na girma na ji labarin, na ce da ni ce sai na tuna musu. Ya ce, "Shi ya sa ba ke anka ba makullin ba, amarya." Haka yake kirana tun ina rarrafe, ni kuma in ce masa angon da ba haƙori. In na kai masa fura sai ya ɗanɗana ya ce da ya san haka na iya damu da bai biya sadaki ba, sa'an nan ya shanye har ya kaɗa ƙwaryar.

Ba zan mai da shi waliyyi ba, don ba shi ba ne, kuma shi da kansa zai fara yi mini dariya. Kaka yana da baki, kuma akwai ranar da bakin ya yi ɓarna wadda bai iya gyarawa ba.

Kawu, yayan Inna, shi ne ɗansa na fari. Ɗan kasuwa ne, yana da manyan motoci biyu, kamyo, da ke kai kaya iyaka su dawo da wasu. Saboda kunyar ɗan fari Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan, kuma ban taɓa ganin sun haɗa ido suna magana ba. Shekara ashirin da suka wuce Kawu ya zo ya durƙusa ya ce yana da shawara. Soro yana kan hanya, in aka rushe aka zuba siminti da kwano zai yi mangaza mai kyau ta ajiyar kaya, Baba ya huta da hawan tsani, iyali su samu abin dogaro. Ba mugun nufi ya kawo ba. Tun yana yaro ake ce masa ɗan mai majami'a a makarantar allo, kuma yana ganin ubansa yana tsufa a kan rufin da ba nasa ba. Kaka bai ce masa e ba, bai ce a'a ba, ya dai kau da kai.

Bayan mako biyu aka yi sabon wasa, Kaka da kansa ya fito a matsayin wani attajiri da ke auna komai da taku. Ya auna masallaci, ya auna rijiya, ya auna gadon uwarsa tana kwance a kai. Yana tafe yana kaɗa makullai a yatsa, yana gyaran murya sau biyu kafin ya faɗi farashi. Ba wanda bai gane ba, don duk garin mutum ɗaya ke haka. Ɗaki ya ɗauki dariya har da masu faɗuwa daga benci. Kawu yana zaune a layi na biyu, tare da surukansa da ya gayyato. Ya jira aka gama, ya raka su, kuma tun daga ranar ƙafarsa ba ta sake taka Soro ba. Bai yanke zumunci ba. Duk Juma'a zai zo ya durƙusa ya gaishe da ubansa, buhun hatsi bai taɓa yankewa ba, shi ya ɗauki maganin Kaka har ƙarshe. Amma daga "ina kwana" sai "a tashi lafiya", shekara ashirin.

Bara, ranar yaɓe, Kaka ba ya iya hawa, yana zaune gindin tsani yana ba da umarni da sanda, ba wanda aikinsa ya gamshe shi. Na kai masa fura na zauna. Kamyon Kawu ya wuce a hanya, ya bi shi da kallo har ƙura ta kwanta. Sai ya ce, ba da muryar wasa ba, "Na yi ma yaron nan ba daidai ba. Magana ta gida ce, na kai ta gaban surukai." Na ce to ya gaya masa mana, ga shi yana zuwa duk Juma'a. Ya ce, "Da wane baki? Ni ko sunanai ban iya kira." Na matsa, ya ce furar ta yi tsami, ya juya ya ci gaba da faɗa da masu miƙa ƙasa.

Bana ya sa an kwaɓa ƙasa da wuri, ya sa ranar gayya, Asabar. Talata ya tafi. Makulli kuwa, kamar duk abin da ke aljihun mamaci, hannun babban ɗa ya koma, kuma tsani da kwanduna da buhunan makuba duk suna kulle a ciki. Ran sadakar uku samarin teyatur suka je suka durƙusa gaban Kawu suka tambayi maganar Asabar. Ya ce musu ana makoki, ba lokacin gayya ba ne, a bari sai bayan arba'in a zauna. Magana ce da ba mai iya cewa ba daidai ba. Amma kowa ya iya lissafin sama. Kafin arba'in an yi ruwa biyar ko shida, kuma tun bara akwai tsaga a rufin da Kaka ke ambato har cikin ciwonsa. Kawu ba sai ya rushe komai ba. Zai zauna a kan tabarmar makoki ne kawai, damina ta yi masa aikin, ba mai cewa ga wanda ya yi.

Daga nan zama ya gagare ni. Ana gama sallar asuba sai in saci jiki da tulu in gangara in yayyafa wa tarin ƙasar ruwa kada ta bushe, in dawo in zauna cikin mata da laka a gefen zane. Da la'asar in sake komawa. Inna ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Wata gwaggo ta ce jikar nan ba ta da zama, ko kukan kirki ba ta yi ba. Gaskiyarta. Duk sa'ad da kukan ya taho sai iska ta kaɗa a ji ƙanshin ruwa daga nesa, in miƙe in leƙa waje. Ran kwana biyar hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Gabi, na tsaya tsakar gida ina roƙon Allah ya kai shi wani wuri, ni da ubana manomi ne yana jiran shuka. Ya watse. Na ji kunyar addu'ar, kuma na ji daɗi. Haushin Kawu nake ji, ina jin haushin samarin da suka kasa buɗe baki, ina jin haushin Kaka da ya zaɓi wannan mako ya mutu bai gyara abin da ya ɓata ba.

A garinmu in tsoho ya cika shekaru ya rasu, ranar bakwai jikoki ke da fili. Ɗaya zai sa rigar mamacin ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, sauran su bi shi, a zaga gida ana dariya ana kuka, kuma rigar ba ta komawa ɗaki sai ƴaƴan mamacin sun fanshe ta da abin da jikoki suka yanka. Kawu ya riga ya aiko cewa ba ya son a yi, zamanin wannan ya wuce. Na san ba zamani ne damuwarsa ba. Mutumin da kwaikwayo ya yi wa abin da ya yi masa, ba zai so a yi shi a ƙofar gidan ubansa ba.

Da safiyar bakwai, bayan an raba waina an yi addu'a, Inna ta kira ni ɗaki. Ta buɗe akwati ta fito da shuɗiyar rigar Kaka wadda ta koɗe a kafaɗa, da malafarsa da sandarsa. Na ce ai Kawu ya hana. Ta ce, "Ubana ne ni ma." Rigar tana warin hayaƙin kifi da taba. Da na zura ta, kukan da ya ƙi zuwa kwana bakwai ya zo, sai da Inna ta girgiza ni ta ce in zan yi in yi, in ba zan yi ba in tuɓe.

Na manna auduga a haɓa, na ja ƙafar hagu, na maƙale hannun dama a baya da yatsu biyu a lanƙwashe. Na fito tsakar gida na ce wa ya dama furar nan, a kamo shi. Mata suka ɓarke, wasu suna dariya suna fyace hanci, tsohuwar Gabi ta rufe fuska da mayafi. A nan ya kamata in tsaya, don wasan jikoki mata a cikin gida yake ƙarewa. Sai na ji iska ta juya, na ɗaga kai na ga gabas ta fara duhu. Ban yi shawara da kowa ba na bi ta zaure na fita wurin maza.

Wani tsohon masunci ne ya fara cewa, "A'a, ga tsoho ya dawo," sai dariya ta bi tabarmi a hankali, irin ta mutanen da ba su tabbata an yarda su yi ba. Na tsaya gaban Liman na ce, "Allah shi gafarta malam, na je na tambaya can, an ce kai ka hwaɗi maganan nan." Liman ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Daga nan na ja ƙafa zuwa gaban Kawu. Bai ɗago ba. Ya sa hannu a aljihu don ya fanshi rigar a wuce wurin, fuskarsa a murtuke.

Har yau ban san ko ina da hurumin yin abin da na yi ba. Magana ce da aka faɗa mini gindin tsani, ba a ce in kai ba. Na kau da kai gefe kamar yadda Kaka ke yi in yana gabansa, na sauke murya yadda daga shi sai na kusa za su ji, na ce, "Yaron nan. Na yi ma ba daidai ba. Magana ta gida ce, na kai ta gaban surukai. Na so in hwaɗa ma, bakina ya ƙi."

Hannunsa ya tsaya a aljihu. Tsoro ya kama ni, don in ya ɗauka wannan ma wasa ne, to na sake yi masa abin da aka yi masa, gaban mutanen da suka fi na wancan karo yawa. Na bar muryar Kaka na ce da tawa, "Kawu, wallahi haka ya ce min bara, ran yaɓe. Ban ƙara ko harafi ba."

Sa'an nan ya yi gyaran murya sau biyu, kuma ba wanda ya yi dariya. Ya ce, "Mi za a ba ku hwansar riga?"

Na ce, "Tsani da makuba. Suna cikin Soro."

Ya dubi sama, ya dubi rigar, ni bai dube ni ba. Ya miƙe ya kakkaɓe shaddarsa ya ce, "Bana kaɗai. Kowa shi ji, bana kaɗai na ce." Ya kama hanyar tabki, maza suka tashi suka bi shi, ni ina baya da malafa a hannu. Da ya isa bai shiga ba, ya miƙa wa samari makulli daga nesa. Ya je wurin tarin ƙasar ya tuɓe takalmi ya danna ƙafa a ciki, ya zaro, ya ce, "Wa ya jiƙa wagga? An cika mata ruwa, ba ta kama rufi haka. A kawo ramno." Ashe duk sintirin da na yi da tulu ɓarna nake yi. Ban ce ni ce ba, Inna ma da ta ji labari ba ta tona ni ba. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga yana takawa, mutumin da ya haura sittin, kuma masunta suka ce takun ubansa ne sak, don tun yana ɗan shekara goma shi ke kwaɓa masa.

Aka yi yaɓen ranar da washegari, hadari yana haɗuwa yana watsewa a kanmu, ba mai cin abinci a zaune. Makuba ba ta gama bushewa ba ruwa ya sauko ranar Juma'a da azahar, irin mai ƙarfin nan da ke zuwa da iska. Manoma suna murna, ni na yafa buhu a ka na ruga Soro in ga abin da ya rage. Ƙofa a buɗe take. Rufi ya riƙe, indararo huɗu suna zuba yadda ya kamata, sai kusurwar arewa da ke ɗiga a hankali. Kawu yana tsaye a wurin, cikin ɗakin, ya tara wata tsohuwar ƙwarya ta matan kiɗa, yana kallon inda ruwan ke fitowa. Na tsaya bakin ƙofa ban san ko in shiga ko in koma ba.

Bai juyo ba ya ce, "Azara guda ta ruɓe nan. Baɗi daga nan za a hwara."

Allah ya kai mu baɗin. Kaka kuma Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da bakinsa ya ɓata, ya ba shi hutun da shi bai taɓa barin kowa ya yi ba.